Yadda Medicare ke lissafin canjin ƙwaƙwalwar keken guragu mai batir

A jikin sandar tuƙi ta keken guragu mai batir, irin wanda ke ɗauke da na'urar VR2 ta kamfanin PG Drives Technology, akwai jerin ƙananan fitilu guda goma waɗanda aikinsu na yau da kullum shi ne nuna yawan cajin da ya rage. Ranar da keken ya ƙi motsi, waɗannan fitilu su ne ke fara ba da labarin abin da ya faru: idan bakwai suka riƙa walƙiya, matsalar tana wajen sandar tuƙi, idan kuwa takwas ne, zargi ya koma kan ƙwaƙwalwar da ke ƙarƙashin kujera, wato na'urar da ke sarrafa injinan keken. A wajen mai gyara, bambancin bai wuce fitila ɗaya ba. A wajen wanda zai cika takardar neman biya a Amurka, wannan fitila guda ita ce ke raba lamba E2374, ta canjin sandar tuƙi, da lamba E2375, ta canjin ƙwaƙwalwa, kuma duk wanda ya rubuta ɗaya a gurbin ɗaya ya buɗe ƙofar ƙin biya da jinkiri, alhali mai keken yana kwance a gado ko yana zaune a kujerar da ba ta motsi.

Tsarin da ake magana a kansa shi ne Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayyar Amurka da aka kafa a 1965 domin waɗanda suka kai shekara 65, daga baya aka shigar da masu nakasa da shekarunsu ba su kai haka ba. Sashen B na wannan inshora shi ne ke ɗaukar nauyin kayan jinya masu ɗorewa, kuma keken guragu na cikinsu. Bayan mutum ya biya kason farko na shekara daga aljihunsa, wanda a 2025 dala 257 ne, Medicare na biyan kashi 80 cikin 100 na farashin da ta amince da shi, sauran kashi 20 kuma ya rage a wuyan mai keken ko wata inshora ta biyu idan yana da ita. Kowane kaya yana da lamba a cikin jerin da ake kira HCPCS, harafi ɗaya da alƙaluma huɗu, wanda hukumar CMS, mai gudanar da Medicare, ke kula da shi. Takardun neman biya ba hukumar ce ke duba su da kanta ba. An raba ƙasar gida huɗu, kamfanin Noridian na riƙe da yankunan A da D, kamfanin CGS na riƙe da B da C, sannan akwai ofishin PDAC, wanda Palmetto GBA ke gudanarwa, da ke fayyace lambar da ta dace da kowane kaya. Ƙa'idojin kayan haɗin keke suna cikin takardar manufa mai lamba L33792 da abokiyar tafiyarta A52504. Shirin Medicaid na jihohi, wanda ke ɗaukar nauyin lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, da kamfanonin inshora masu zaman kansu su ma da waɗannan lambobi suke aiki, ko da yake kowa da sharuɗɗansa na biya.

Tushen ruɗanin yana cikin suna. Mai keke da iyalinsa, har ma da wasu ma'aikatan jinya, kan kira akwatin da ke kan hannun kujera da sunan kwantirola, domin shi suke gani kuma shi suke taɓawa. A harshen masu lissafi kuwa, wannan akwati na'urar ba da umarni ce kawai. Kwantirola ta gaskiya, wadda na fi son in kira ta ƙwaƙwalwa, ita ce ke karɓar umarnin ta juya shi ya zama wutar da ke tafiya zuwa injinan ƙafafu, ta ƙayyade gudu da juyawa da tsayawa. Saboda haka idan aka bugo waya aka ce kwantirola ta mutu, ma'aikacin lissafi mai hankali ba ya rubuta komai sai mai gyara ya dawo ya faɗi ainihin ɓangaren da ya cire.

Akwai kekunan da aka haɗe sandar da ƙwaƙwalwar a akwati ɗaya a kan hannun kujera, kamar na'urar VSI, kuma ana gane su da kaurin wayar da ke fitowa daga akwatin, tun da wutar injina ta cikinta take bi. Akwai kuma waɗanda aka raba, sandar tana sama, ƙwaƙwalwar tana ƙasa kusa da batir, siririyar waya ta haɗa su. Lambobi E2374, E2375 da E2376 an yi su ne domin nau'i na biyu. Akwatin da ya haɗa biyun ba shi da lamba ta kansa idan ya lalace aka canja shi, don haka manufar ta ce a yi amfani da K0108, lambar da ake jefa duk wani kayan keke da ba a ware masa gurbi ba. Wannan lamba ba ta da ƙayyadadden farashi a jadawali. Mai duba takarda ne zai yanke abin da za a biya, kuma ba zai yanke ba sai an rubuta masa bayanin kayan, da sunan kamfanin da ya ƙera shi, da lambar samfurinsa, da farashin da mai sayarwa ya sa masa. Haka nan K0108 ake rubutawa idan an canja na'urar tuƙi wadda ba sanda ba ce, kamar ta kai ko ta hurawa da zuƙa, amma an bar ƙwaƙwalwar a wurinta. Jarabar da ke tattare da wannan lamba a fili take: mai sayarwa da ya ga farashin jadawali bai kai abin da ya kashe ba zai so ya fake a bayanta. Sai dai muddin akwai lambar da ta siffanta kayan, rubuta K0108 kuskuren lamba ne, kuma ana ƙin biya a kansa.

Ita kanta ƙwaƙwalwar kashi biyu ce, kuma a nan ne kuɗin yake. Wadda ba a iya faɗaɗa ta, sandar tuƙi ta gama-gari kawai take karɓa, kuma iyakarta ta sarrafa ƙananan injinan kujera guda biyu ta hanyar sandar. Idan aka canja ta, lambar ita ce E2375. Wadda ake iya faɗaɗawa, irin su R-net ko Q-Logic, tana karɓar wasu na'urorin tuƙi na musamman, tana iya sarrafa injinan kujera uku ko fiye, wasu ma ana haɗa su da allo na daban ko da na'urar da ke yi wa mara magana magana. Wannan tana da lambobi biyu, kuma rikita su na daga cikin kurakuran da suka fi sauƙin aukuwa. E2377 ta ranar farko ce, lokacin da ake ba da sabon keke aka ɗora masa babbar ƙwaƙwalwa, wato mai faɗaɗuwa, a maimakon ƙarama. E2376 ta canji ce kawai, bayan keken ya riga ya fara aiki. Dalilin rabuwar yana da ma'ana idan aka lura da yadda ake biyan sabon keke. Lambar gangar jikin keken ta riga ta ƙunshi ƙaramar ƙwaƙwalwa da sandar gama-gari, ba a biyansu daban, don haka a ranar farko abin da ake nema shi ne kuɗin ƙarin da aka yi a kan abin da aka riga aka biya. A ranar canji kuwa babu abin da aka riga aka biya, na'urar ce gaba ɗayanta ake saya. Wanda ya rubuta E2377 a takardar gyara ya faɗi abin da bai faru ba, wanda kuma ya rubuta E2376 tare da sabon keke ya nemi a biya shi ƙwaƙwalwa sau biyu.

Akwai wasu lambobi da ke tafiya kusa da waɗannan, kuma ba kowane lokaci ake buƙatarsu ba. E2313 ita ce damin wayoyi da fis da mahaɗan da babbar ƙwaƙwalwa ke buƙata. E2310 da E2311 su ne na'urorin da ke haɗa ƙwaƙwalwa da injinan kujera, ta farko domin inji ɗaya, ta biyu domin biyu ko fiye, yadda mutum zai karkata kujerarsa ko ya ɗaga ƙafafunsa ta hanyar abin da yake tuƙi da shi. Mutuwar ƙwaƙwalwa ba ta nufin waɗannan ma sun mutu. Idan mai gyara ya cire akwati ɗaya ya mayar da wayoyin da ya tarar, akwati ɗaya za a rubuta.

Ko sandunan ma manufar ta auna su da gram da milimita, kuma ina ganin wannan awo ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna irin mutanen da ke bayan lambobin. Sandar gama-gari tana buƙatar ƙarfin turi na kusan gram 340, kuma tana tafiya kusan milimita 25 daga tsakiya. Matsakaiciya, mai lamba E2373, ƙarfin turinta ɗaya ne da na gama-gari amma tafiyarta kusan milimita 15 ce. Ƙarama, mai lamba E2312, kusan gram 25 kacal take buƙata, tafiyarta kuma ba ta wuce kusan milimita 5 ba, kuma ita ce ake ɗora wa mutumin da ciwo ya cinye ƙarfin hannunsa har ya rage masa motsin ɗan yatsa ko na haɓa. Waɗannan biyun ba sa aiki sai da babbar ƙwaƙwalwa. Don haka takardar da ta nuna E2312 a kan keke mai E2375 ta saɓa wa kanta tun kafin a kai ga karanta bayanin likita.

Sanin ɓangaren da aka canja bai isa ba, sai an faɗi dalilin canjin, kuma ana faɗinsa ne da haruffa biyu da ake manna wa lambar. Tun daga 1 ga Janairu 2009, lokacin da aka soke tsoffin haruffan RP, ana amfani da RB idan an canja wani ɓangare a matsayin gyaran kayan da mutum ya mallaka, RA kuma idan an maye gurbin kayan gaba ɗayansa. Ƙwaƙwalwar da ta ƙone a keken da ke nan daram ɓangare ce, don haka RB ta dace da ita. Sai kuma KC, haruffan da aka keɓe domin canjin na'urar tuƙi ta musamman, waɗanda manufar ta iyakance wa yanayi biyu. Na farko shi ne idan halin jikin mutum ya sauya, aka cire akwatin nan mai haɗe da sanda da ƙwaƙwalwa aka sa masa wata hanyar tuƙi, kamar ta kai. Na biyu shi ne idan mutum yana da na'ura ta musamman, sai ita da ƙwaƙwalwar suka lalace tare, lalacewar da ba ta gyaruwa. Ba a taɓa rubuta KC a kan sabon keke, kuma tun da ma'anarta ta riga ta ƙunshi canji, ba a ƙara mata RB. Ga kekunan rukuni na 3, waɗanda ake ba masu cututtukan jijiya da na tsoka da makamantansu, akwai kuma haruffan KU da suka fara aiki a 2016 domin a biya kayan haɗinsu da farashin da ba a rage shi bisa tsarin gasar kwangila ba, kuma mantawa da su asarar kuɗi ce ga mai sayarwa ko da an amince da takardar.

Bambancin gyara da sauyin hali ya wuce na haruffa. A ɗauka wani mutum ne mai ciwon ALS, cutar jijiya da ke cinye ƙarfin tsoka sannu a hankali, wanda a bara yake tuƙi da hannu, a bana hannun ya daina amsawa. Babu abin da ya lalace a kekensa, jikinsa ne ya sauya. Abin da zai samu sabon kaya ne, don haka yana buƙatar rubutaccen umarnin likita da bayanin da ke nuna dalilin da ya sa tsohuwar hanyar ba ta wadatar da shi yanzu. Gyara kuwa ba ya buƙatar sabon umarni. Abin da ake nema a kansa abu biyu ne: shaidar cewa mutumin har yanzu yana buƙatar keken, wadda rubutun likita na cikin watanni 12 da suka gabata kan wadatar, da kuma shaidar cewa gyaran kansa ya zama dole, wadda mai gyara zai iya rubutawa. Idan ofishi ya tsayar da gyaran ƙwaƙwalwa yana jiran takardar likitan da Medicare ba ta nema ba, ya ƙara wa mutum kwanaki a banza, kuma wannan na daga cikin jinkirin da ilimi kaɗai zai iya kawarwa.

Kafin duk wannan akwai tambayar da ya kamata a fara da ita, wato wa ya mallaki keken a ranar da aka yi gyaran. Daga 1 ga Janairu 2011, bisa dokar lafiya ta 2010, an daina sayen kekunan batir na gama-gari a dunƙule. Medicare na biyan haya na wata 13, sannan mallaka ta koma hannun mai amfani da keken, yayin da manyan kekuna na musamman aka bar musu zaɓin saye tun daga farko. Duk abin da ya lalace a cikin watannin haya, a wuyan kamfanin da ya ba da hayar yake, kuma babu takardar da zai aika a kansa. Haka nan ba a biyan kayan da garantin maƙera ya rufe, don haka ranar da aka ba da keken da tsawon garantin na'urorinsa abubuwa ne da ake dubawa kafin a yi odar komai. Medicare ba ta kuma biyan gyaran keken da tun asali ta ƙi amincewa da shi.

Shekara biyar ita ce tsawon rayuwar da aka ƙiyasta wa keke. A cikin wannan lokaci ba a ba da sabo saboda tsufa ko cinyewa, sai idan ya ɓata, ko an sace shi, ko wani takamaiman abu kamar gobara ko ambaliya ya lalata shi, ko halin mai shi ya sauya. Wannan ne ya sa gyara ya zama hanya ɗaya tilo ga mafi yawan mutane, ko da keken ya fara nuna gajiya ta kowane ɓangare. Amma gyaran ma yana da iyaka, domin ba a biyan abin da ya haura kuɗin saye ko hayar wani keken na sauran lokacin buƙata. Akwai kuma ƙa'idar da ta ce idan keken da aka miƙa bayan haya ba zai kai shekara biyar ba, kamfanin da ya ba da shi ne zai maye gurbinsa da kuɗinsa, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ake iya dubawa shi ne ko jimillar gyare-gyare ta haura kashi 60 cikin 100 na kuɗin sabo. Babbar ƙwaƙwalwa kaya ce mai tsada, canja ta tare da injinan ƙafafu na iya tura lissafi kusa da wannan iyaka.

Ladan mai gyara yana da lambarsa, K0739, kuma ana ƙirga shi da minti 15-15. Kamfanonin da ke duba takardu sun fitar da jadawalin yawan da suke amincewa da shi ga gyare-gyaren da aka saba, inda canjin sandar tuƙi, haɗe da saita ta, aka ba shi kashi 2, wato rabin awa. Lokacin tafiya zuwa gidan mutum, da ɗauko keke da mayar da shi, ba a biyansu. A nan ne nake ganin tsarin ya kauce wa gaskiyar aikin. Sabuwar ƙwaƙwalwa ba ta san mai keken ba, sai an zauna da na'urar saiti an rage saurin tashi ga mai rawar hannu, an faɗaɗa wurin da sanda ba ta amsawa, an gwada juyawa a ƙofar banɗaki mai ƙunci, an sake gwadawa. Idan kuma gidan yana da nisan awa guda, kamfani zai jira ya tara ayyuka a wannan yanki kafin ya tura mota, wanda kuma ke biyan wannan jira shi ne mutumin da ba shi da ƙafar da ta wuce keken. Akwai K0462, lambar keken aro yayin da ake gyara na mutum, wadda ake biyan hayar har wata ɗaya a kanta, sai dai wanda aka ƙera wa kujera daidai da ƙashin bayansa kuma yake tuƙi da kai ba kasafai keken aro ke yi masa amfani ba.

Duk wannan bayani dole ya shiga takarda, kuma gurbin rubutun bayani a takardar lantarki haruffa 80 kawai yake ɗauka, a takardar CMS-1500 ta hannu kuma gurbi na 19 ne. Saura yana zama a fayil, inda ake son a tarar da abin da ya lalace, da yadda aka gano shi, da dalilin canjawa, da lokacin da aikin ya ci, kuma ana ajiye fayil ɗin shekara bakwai daga ranar aikin. Rubutun da ya ce keke ba ya tafiya, an canja kwantirola, ba ya kare kowa a gaban mai bincike. Rubutun da ya ce fitilu takwas na walƙiya, an gwada batir da wayoyi suna lafiya, an jona wata sanda matsalar ba ta tafi ba, an jona wata ƙwaƙwalwa keken ya tashi, shi ne ke nuna cewa an yi bincike kafin a yi oda.

Tsananin nan yana da tarihi, kuma adalci ne a ambace shi. Rahoton ofishin babban sufeton ma'aikatar lafiya na 2011 ya gano cewa kashi 61 cikin 100 na kekunan batir da aka ba masu Medicare a rabin farko na 2007 ko dai ba su cika sharaɗin buƙata ba, ko takardunsu ba su isa a tabbatar da buƙatar ba. A 2013 jami'an tarayya sun kai samame hedikwatar kamfanin The Scooter Store, mai sayar da kekunan batir, a jihar Texas bisa zargin zamba, kamfanin kuma ya rufe a wannan shekarar. Amma wanda ƙwaƙwalwar kekensa ta ƙone ba shi ne ya yi waccan zamba ba, kuma matakan da aka gina domin hana ba da keke ga wanda ba ya buƙata ba su dace a ɗora su da nauyi ɗaya a kan gyaran keken da aka riga aka amince da shi ba. Masu Medicare Advantage, wato Medicare da ake samu ta hannun kamfanoni masu zaman kansu, da masu Medicaid a jihohi da dama kan fuskanci ƙarin mataki na neman izini kafin gyara. Ƙorafin jinkiri ne ya kai jihar Colorado ga zartar da doka a 2022, wadda ta fara aiki a Janairu 2023, da ta wajabta wa maƙera su sayar wa masu kekuna da masu gyara masu zaman kansu kayan gyara da littattafai da manhajar saiti. Dokar ta buɗe hanyar samun kayan, ba ta sauya lambar da Medicare ke nema ko sharuɗɗanta na biya ba.

Idan aka ƙi biya, abin da ya fi muhimmanci shi ne a karanta dalilin kafin a ɗauki mataki. Takardar da aka dawo da ita saboda rashin wani bayani, kamar K0108 da ba a rubuta mata sunan maƙeri ba, ba ta da damar ɗaukaka ƙara, gyara ta ake yi a sake aikawa, matuƙar ba a wuce shekara ɗaya daga ranar aikin ba. Wadda aka ƙi bisa hujjar rashin buƙata kuwa ana neman a sake duba ta cikin kwana 120, idan ba a gamsu ba a wuce mataki na biyu cikin kwana 180, daga nan sai gaban alƙalin gudanarwa cikin kwana 60. Mai keke ko ɗan'uwansa da ke bin lamarin yana da haƙƙin ya tambayi kamfanin lambar da aka rubuta da haruffan da aka manna mata, ya kuma gwada su da abin da ya gani da idonsa an cire daga keken, ko akwatin kan hannu ne ko na ƙarƙashin kujera.